Saƙo a Wuyan Hannu: Agogon da Ke Zungurin Mai Shi

A cikin damunar bara na je ƙauyenmu domin in gai da wani kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tashi daga doguwar jinya. Na same shi a zaure yana zaune bisa buzu, na durƙusa muka gaisa, sa'an nan ya shiga ba ni labarin yadda ciwon ya faro masa tun daga ƙaiƙayin ƙafa har ya kai shi ga kwanciya. A wuyan hannuna kuwa akwai wani agogon zamani da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini tsaraba, irin wanda ake haɗawa da wayar salula, duk saƙon da ya shigo wayar sai ya bayyana a fuskarsa. Tsoho na cikin magana sai agogon ya yi 'yar girgiza, na saci kallonsa. Jim kaɗan ya sake, ni ma na sake. A karo na uku sai Kawu ya katse zancensa, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, in akwai inda ake jiranka tashi ka je, kada in ɓata maka lokaci. An gode da zumunci." Na yi ta rantse-rantse cewa ba haka ba ne, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, hirar ba ta sake komawa yadda take ba. Saƙonnin da suka jawo mini wannan abin kunya kuwa, na farko talla ce daga kamfanin waya, sauran biyun kuma abokan aiki ne ke gardama a kan ranar da za a yi wani taro.

Tun daga ranar nake juya al'amarin a zuciyata, kuma da yake nazarin halittu shi ne sana'ata, sai na dube shi ta wannan fuska. Abin da na tsayar shi ne, wannan agogo gwani ne wajen isar da saƙo ga mai shi, har ma gwanintarsa ta wuce kima, amma wajen mayar da amsa gurgu ne, balle ga mai rubutu da Hausa. Saboda haka wanda ya ɗaura shi ba tare da ya gindaya masa sharuɗɗa ba, ya sayi abin da zai riƙa kiransa dare da rana, alhali ba zai taimake shi ya amsa kiran yadda ya kamata ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki. Saƙon tes, wanda wasu ke kira saƙon kar-ta-kwana, an fara aika shi ne ranar 3 ga Disamba, 1992, a Ingila, lokacin da wani injiniya mai suna Neil Papworth ya aika gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta zuwa wayar wani jami'in kamfanin Vodafone. Mu a Nijeriya sai a 2001 wayar GSM ta iso mana. Agogon da ke nuna saƙo kuwa ya fara samun kasuwa sosai ne da fitowar Pebble da Galaxy Gear na kamfanin Samsung a 2013, sa'an nan Apple Watch ya biyo baya a watan Afrilu na 2015. Mafi yawan waɗannan agogai ba su da layin waya na kansu. Saƙo yakan shigo wayar da ke aljihu ne, ita kuma ta miƙa wa agogon ta hanyar igiyar rediyo mai gajeren zango da ake kira Bluetooth, wadda ba ta cika wuce mita 10 ba a cikin gida. Akwai masu tsada da ke da nasu layin, irin wanda Apple ya fara fitarwa a 2017, waɗanda ke karɓar saƙo ko da an bar waya a gida. Da saƙo ya iso, sai wani ɗan mitsitsin inji da ke cikin agogon ya kaɗa wani ɗan nauyi, agogon ya yi karkarwa a kan fata. To, a nan ne aikin injiniya ya ƙare, na jikin ɗan Adam ya fara.

A can ƙarƙashin fata, da kewayen gaɓoɓi da ƙasusuwa, akwai waɗansu 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle da tsawonsu bai wuce milimita 1 ba ko ɗan fiye, waɗanda aka sa wa sunan Filippo Pacini, wani masanin sassan jiki ɗan ƙasar Italiya da ya yi bayaninsu a shekarun 1830. Idan aka yanka ɗaya aka duba shi a na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, sai a gan shi tamkar albasa, ɓawo bisa ɓawo, da ɗan ruwa a tsakani, ga kuma bakin jijiya ɗaya tal a tsakiya. Wannan gini yana da hikima. Idan aka danna fata aka bar hannu a wurin, ɓawon nan sai su shanye nauyin, jijiyar ta yi shiru bayan ɗan lokaci kaɗan. Amma idan abin yana kai da komowa da sauri, watau yana girgiza, to kowane motsi sai ya ratsa har tsakiya, jijiyar ta yi ta aika sanarwa. Girgizar da suka fi ji ita ce mai kai da komowa kimanin sau 250 a cikin sakan ɗaya, kuma injinan da ake sa wa agogai da wayoyi galibi suna aiki ne kusa da nan, tsakanin sau 150 zuwa 250. Ba dace aka yi ba, masu ƙera su sun san inda jiki ya fi ji. Su kansu ƙofofin da ke buɗewa a jikin jijiya idan an matsa ta, furotin ne da ake kira Piezo, wanda Ardem Patapoutian da abokan aikinsa suka gano a 2010, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2021. Ba mu kaɗai ke da ƙulle-ƙullen Pacini ba. Giwa ma tana da su da yawa a tafin ƙafarta, abin da ya sa masana ke ganin da su take jin motsin da ke ratsa ƙasa daga nesa.

Daga wuyan hannu sanarwar takan bi manyan jijiyoyi masu gudun mita 35 zuwa 75 a sakan, ta shiga laka, ta haura, ta tsallaka zuwa ɗaya gefen a gindin ƙwaƙwalwa, ta ya da zango a wani sashe da ake kira talamus, sa'an nan ta isa ɓawon ƙwaƙwalwa. Likitocin jijiya suna da wani gwaji da suke ɗan jan jijiyar wuyan hannu da lantarki, su auna lokacin da alamar za ta bayyana a ka. Lokacin kuwa shi ne kimanin kashi 20 cikin 1000 na sakan ɗaya. Ƙiftawar ido guda ta ninka wannan aƙalla sau biyar. Ke nan kafin Kawu ya gama furta kalma ɗaya, ƙwaƙwalwata ta riga ta sami labarin cewa wani abu ya taɓa ni.

Abin lura a nan shi ne bambancin da ke tsakanin fata da sauran gaɓoɓin ji. Ido yana hango abu tun yana nesa, kuma yana da murfi, ana iya runtse shi ko a kau da kai. Kunne ma yakan jiyo abu daga nesa, mutum ya sami sararin yanke shawara. Fata kuwa ba ta ba da labarin abin da ke tafe, sai abin da ya riga ya iso, ko kunama ce ta hau ƙafa, ko sauro ya sauka a wuya, ko ƙaya ta soki tafi. Don haka jiki bai saba yi wa saƙon fata jinkiri ba. Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha da ya yi suna da gwajin karnuka, ya lura cewa duk dabbar da wani sabon abu ya faru kusa da ita takan dakatar da abin da take yi nan take, ta juya ido da kunne wajen abin. Ya kira wannan ɗabi'a da sunan da ma'anarsa ita ce "mene ne wannan?" Ba da niyya ake yin ta ba. Na faɗi haka ba don in wanke kaina daga laifin da na yi wa Kawu ba, laifina shi ne shiga zaurensa da abin a hannu.

Mai karatu zai iya cewa, ai jiki yana sabawa. Gaskiya ne. Wanda ya ɗaura agogo da safe, kafin hantsi ya manta da maɗaurinsa, kamar yadda mazaunin bakin titi ke daina jin ƙarar motoci. Sai dai jiki yana sabawa ne da abin da ba ya canzawa kuma ba ya ɗauke da labari. Girgizar saƙo ba ta da lokaci, kuma ba a san abin da ta ƙunsa ba sai an duba: tara daga cikin goma shirme ne, amma ta goman tana iya zama sanarwar shigar albashi, ko labarin haihuwa, ko na rasuwa. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya nuna, ta hanyar gwaji da birai, cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato, kuma da zarar dabba ta koyi alamar da ke gabatar ladan, sai motsin ya koma kan alamar ita kanta. Gwajin birai ne da ruwan 'ya'yan itace, don haka misali kawai nake bugawa da shi, amma duk wanda ya taɓa jin zuciyarsa ta ɗan yi tsalle saboda girgizar agogo, sa'an nan ya duba ya tarar da talla, ya san abin da ake nufi.

Ɗalibaina sukan kare kansu da cewa, "Malam, ai ban karanta ba, ji kawai na yi." Wannan hujja ba ta tsaya ba. A 2015 Cary Stothart da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Fulorida ta Amurka sun sa ɗalibai wani aiki a kwamfuta mai bukatar natsuwa, suna cikin yi sai aka riƙa kiran wayoyin waɗansu, waɗansu kuma aka aika musu saƙo, ba tare da sun san cewa yana cikin gwajin ba. Waɗanda aka yi wa haka sun fi yin kuskure, alhali ba su taɓa wayar ba. Jin shigowar saƙon kaɗai ya isa ya ɗauke hankali, domin zuciya ta tafi tunanin wane ne, me kuma yake so. Wannan fa waya ce da ke aljihu ko jaka. Ina ga abin da ke manne da fata, wanda ba a ajiye shi a lacca, ba a ajiye shi a sahun salla, wasu ma da shi suke barci?

Har ila yau akwai wani abin mamaki da ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke zama cikin jiran tsammani. Mutum yakan ji kamar wayarsa ta yi girgiza, ya duba ya ga babu komai. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2010 ya sami kashi 68 cikin 100 na ma'aikatan wani asibiti a Amurka suna jin wannan girgizar ƙarya, wani kuma da Michelle Drouin ta jagoranta a 2012 ya same ta ga kashi 89 cikin 100 na ɗaliban jami'a 290. Ba ciwo ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta sassauta ma'auninta don gudun kada saƙo ya wuce ta, har ta kai gogar hannun riga ko motsin tsoka sai ta fassara shi da saƙo.

Kada a ɗauka ina cewa abin ba shi da amfani. Wannan hanya ta fata da na ce ba ta da murfi, ita ce rahama ga kurma, wanda ƙarar waya ba ta yi masa komai. Haka mai aiki a cikin hayaniyar injin niƙa ko ta kasuwa, da uwargida da hannunta ke cikin ƙullu, da wanda ya bar majinyaci a gida yana jiran labari. A garuruwan da ƙwacen waya ya yi yawa, duba saƙo a hannu ya fi fito da waya a bakin titi kwanciyar hankali. Ni kaina ranar da aka kwantar da ɗiyata a asibiti ina tsakiyar koyar da aikin gwaji, da safar roba a hannu, a fuskar agogon nan na ga saƙon mahaifiyarta, na bar wa mataimakina aji na fita. Ko da yake, a gaskiya, a ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta bai ma kamata a bar agogo a hannu ba, domin ƙarƙashin maɗauri wuri ne mai ɗumi da gumi da ƙwayoyin cuta ke so. Tun 2007 hukumomin lafiya na Ingila suka umarci masu duba marasa lafiya su bar hannu ba komai daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Abin da ya haɗa duk misalan amfanin nan shi ne, saƙon na gaggawa ne, daga mutum ƙwaya ɗaya ko biyu, kuma karanta shi ake bukata, ba amsa shi da dogon bayani ba.

Wajen amsar ne kuwa rauni yake. Agogai masu araha da suka cika kasuwanninmu yawancinsu nuna saƙo kawai suke yi, ba su da hanyar mayarwa. Masu tsadar suna da hanya huɗu: allon haruffa, da zana harafi da yatsa, da faɗa da baki agogo ya rubuta, da kuma zaɓen amsa daga waɗanda aka riga aka tanada. Mu ɗauki allon haruffa. Faɗin fuskar agogo bai cika wuce santimita 3 da rabi ba, layin sama na allon kuma haruffa 10 ne, ke nan kowane harafi ya sami milimita 3 da rabi. Kan yatsan babban mutum ya kai santimita 1 da rabi, watau yana rufe haruffa huɗu a lokaci guda. Abin da ke ceton mai rubutu shi ne agogon yana cankar kalmar da ake nufi daga ƙamus da ke cikinsa. Idan ƙamus ɗin na Turanci ne, kai kuma Hausa kake rubutawa, to kun shiga kokawa ke nan, kana rubuta "ina zuwa" yana mayar maka da abin da ba ka taɓa ji ba. Ga mu kuma da muka haura 40 akwai ƙarin wahala, domin a wannan shekaru ɗan madubin da ke cikin ido yakan fara tauri, ya kasa tanƙwaruwa don ganin abu na kusa, sai ka ga mutum yana miƙar da hannu nesa yana ƙanƙance ido. Waya ana iya nesanta ta, a ƙara girman rubutu. Agogo kuwa iyakarsa tsawon hannu.

Sai batun haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda agogon da na yi amfani da shi ba shi da su sam. Wani zai ce ƙaramin abu ne, ai ana ganewa. Sau da yawa ana ganewa, amma tsakanin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari, akwai tazarar da gajeren saƙo ba koyaushe yake cike ta ba, domin gajeren saƙo ba shi da zancen gaba da na baya da za a dogara da shi. Wannan matsala ma ta girmi agogo. Saƙon tes na asali yana ɗaukar haruffa 160 ne, amma jerin haruffan da aka tsara masa ba shi da masu lanƙwasa, don haka da zarar an sa ƙ ɗaya tal, sai saƙon ya koma wani tsari da ke ɗaukar haruffa 70 kacal, a caji mutum kuɗin saƙo biyu ko uku. Da haka aka koya wa Bahaushe yin watsi da haruffansa, agogo kuma ya zo yana ƙara ɗaure wa abin gindi. Faɗa da baki ma na gwada, agogon nawa bai ji Hausa ba, kuma ko da ya ji, ba kowane saƙo ne mutum zai so ya faɗa wa wuyan hannunsa a cikin motar haya ba.

Abin da ya rage shi ne amsoshin da aka tanada, irin su "To", "Na gode", "Ina cikin taro", kuma a nan ne na fi jin tsoro. Mu mutane ne da ba mu shiga magana sai da sallama da tambayar gida da iyali da gajiya. Wanda ya aiko maka cewa mahaifinsa ya rasu, ka latsa masa "To" ko hoton hannu biyu a haɗe, ka yi abin da ya fi shiru muni, domin shiru yana iya nufin ba ka gani ba, amma wannan ya nuna ka gani, kuma iyakar abin da mamacin ya samu daga gare ka ke nan. Sauƙin latsawa yana sa mutum ya ji kamar ya sauke nauyi, sai kiran da ya kamata ya yi, ko takawar da ya kamata ya yi zuwa gidan makoki, su bi ruwa. Na ga ɗalibi ya amsa wa malamin da ke duba kundin digirinsa da irin wannan amsa ta kalma ɗaya, kuma na tabbata ba rashin kunya ya yi niyya ba, abin da agogo ya miƙo masa ya latsa.

A kan tuƙi ba sai na tsawaita ba, lissafi ya isa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowane sakan. Wanda ya ɗauke ido sakan 4 don karanta saƙo ya yi tafiyar mita 100 a makance. Agogo kuma ya fi waya sharri ta wata fuska, domin karanta shi sai an murɗa hannun da ke riƙe da sitiyari, amsa shi kuwa sai an haɗa hannu biyu, mai ɗauke da shi da mai latsawa. Masu babur da Keke Napep su ma su ji. Batun jarrabawa ma a bayyane yake. Hukumar JAMB ta sa agogon hannu cikin abubuwan da ba a shiga da su ɗakin jarrabawarta, kuma ina ganin duk jami'ar da ba ta yi haka ba tukuna ta makara.

Ban jefar da nawa ba, kyauta ce, kuma yana ƙirga mini taku da bugun zuciya. Abin da na yi shi ne na shiga manhajarsa a waya na rufe wa kowa ƙofa, da zaurukan hira, da imel, da kamfanonin talla, na bar kiran waya da saƙon mutum huɗu: maiɗakina, da mahaifiyata, da ƙanena da ke zaune tare da ita, da shugaban sashenmu. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba ba ya motsi ko don wa, wanda ke da larura ya san lambar waya. Ba na amsa komai daga fuskarsa in ban da "Na gani, zan kira", wadda ni na rubuta ta da kaina na ajiye a ciki. In zan shiga aji, ko wurin ta'aziyya, ko gaban wani babba, sai in kwance shi in sa a aljihun riga, ɗalibai kuma na roƙe su su yi haka a laccata, wanda ke da majinyaci ya sanar da ni tun farko ya zauna kusa da ƙofa. Kusan mako biyu bayan na yi wannan gyara ina ta jin girgizar ƙarya a wuyan hannu, har a ranakun da agogon ke kan tebur yana caji, daga baya ta riƙa raguwa har ta ɗauke.